Mun Faɗi Sunan Maigandi Mai Shela, Kamar Yadda Ya Ce a Faɗa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji Maɗaukakin Sarki, Haɗakar Fatake da Dillalan Albasa ta Kasuwar Malanville, ƙarƙashin jagorancin mai girma shugabanta, Alhaji Abdurra'uf Khamis, Sarkin Dillalai, ta karɓi labarin rasuwar dattijonmu, ubanmu, muryar kasuwarmu, Malam Maigandi Issufu, wanda babba da yaro daga bakin gada har Guéné sunka sani da Maigandi Mai Shela, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a ɗakin da likitoci sunka keɓe ma masu ciwon numfashi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin mai girma shugaba, da dattawan haɗaka, da fataken da ke shigo muna daga Kamba, Birnin Kebbi da Sakkwato, da masu dako, da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, uwarmu Inna Bara'atu, da ɗiyarsa Munawwara, da ƙanensa Malam Halliru na Garou, da limamanmu masu daraja, da 'yan'uwanmu Dendawa waɗanda ya yi ma hidima da harshensu kamar cikinsu anka haife shi. Gare su muna cewa fonda tilas, gaisuwar ta'aziyya da harshensu, ga namu kuma muna cewa Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Marigayin ya fara shela da ganga a kafaɗa tun kafin a haifi mafi yawan waɗanda ke riƙe da rumfa a kasuwar nan yau. Da ƙafa ya fara, ya koma keke, daga baya haɗaka ta ɗaura masa lasifika mai batir a gaban keken, ya riƙa zagayawa yana faɗin magana guda sau uku, da Dendanci, da Hausa, da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba. In yaro ya ɓace ranar kasuwa, Maigandi ake nema kafin a nemi jandarma. In saniya ta tsinke daga Madécali, in anka ɗage ranar ɗaurin aure, in duwan, ma'aikatan kwastan, sunka canza tsarin wucewar kaya, in kogi ya fara hawa da dare har manoman shinkafar Garou na buƙatar a tashe su, muryarsa ce ke isa kafin komai. Babu gawar da anka kai makwanci a unguwanninmu shekaru da dama ba tare da shi ya kira jama'a ba, kuma shi da kansa yake bin sahu in ya gama kira, ya jingine keken a bakin maƙabarta ya karɓi fartanya.

Da annobar korona ta shigo, duniya ta tsuke muna ta kowane gefe. Anka tsaida mutane a gadar da ta haɗa mu da Gaya, kaya na wucewa masu kayan na kallo. Ɗan'uwa na Gaya, kana hangen unguwarsu daga gaɓar nan, amma ba ka zuwa sunan ɗansa. An yi lokacin da masallatai sunka kasance a rufe, dattawa na sallar azahar cikin zaure ranar Juma'a suna share ido. Albasa ta ruɓe a rumfuna muna ji muna gani, musafaha ta koma laifi, kashine, takunkumin fuska, ya rufe baki da hanci har dillali bai gane abokin cinikinsa sai ya yi magana. A wannan hali ne haɗaka ta roƙi Malam Maigandi ya ƙara ma shelarsa abu guda, ya riƙa sauraren adadin da radiyo ke faɗi da Faransanci, na ƙasa da na yankinmu na Alibori, ya juya shi zuwa harsunanmu duk ranar kasuwa. Ya amsa ba gardama, amma ya gindaya ƙa'idarsa. Kullum da waɗanda sunka warke yake farawa, sannan waɗanda sunka kamu, sannan waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, ya ce in mutane sunka fara jin masu warkewa za su daina ɓoye marasa lafiya a ƙuryar ɗaki. Kuma bai taɓa faɗin sunan kowa ba, ko gida, ko unguwa. An tare kekensa ya fi a ƙirga, ana masa raɗa ya faɗi wane ne, amsarsa guda ce, shi adadi anka ba shi, ba ɗan wani ba.

To, a nan za mu ɗan aje ladabi gefe, don akwai maganar da in ba mu faɗe ta ba mun ci amanar mamaci. Me anka saka masa da shi? Anka laƙa masa sunan Radiyo Kotonu. Samarin zem, masu kabu-kabun babur, na bin bayansa suna tarin ƙarya suna dariya. Wasu masu furfura, waɗanda ya yi ma shelar auren 'ya'yansu, sunka zauna a majalisa suna cewa biyansa ake yi ya tsorata mutane. Biya! Mutumin da abincinsa ke fitowa daga biki da suna da taro, dokar hana taro ta fara da tukunyar gidansa kafin ta taɓa ta kowa, kuma shi ne ya hau keke ya yi shelar dokar da bakinsa. Duk wanda ya san lissafin kasuwa ya faɗa muna ribar da ke cikin wannan. Amma maganar da ta fi yawo, wadda kowa ya ji, daga rumfar mahauta har tashar Kandi, ita ce wadda ake jefa masa duk sa'ad da ya gama karanta adadi: "Kai Radiyo, mun gaji da lissafi, nuna muna mutum guda da munka sani." Sai ya gyara kashinensa ya ce Allah Ya sa kada a samu na nunawa, ya taka kekensa ya yi gaba.

Saboda haka, da izinin Inna Bara'atu da Munawwara da Malam Halliru, kuma bisa wasiyyar marigayin da kansa, wannan haɗaka tana sanar da jama'ar Malanville da kewaye, a fili, cewa korona ce ajalin Malam Maigandi Issufu. An yi masa gwaji, an tabbatar. Ba masassarar damina ba ce kamar yadda masu son rufa asiri ke faɗi don kyautatawa, ba jifa ba ne kamar yadda masu baƙin ciki ke raɗawa. Kwana biyu kafin rasuwarsa ya sa anka kira masa mai girma shugaba a salula, numfashi na sarƙe shi, shugaba na ce masa ya huta a yi maganar in ya samu sauƙi, ya ƙi. Abin da ya ce, kamar yadda shugaba ya maimaita a gaban dattawa, shi ne: "Alhaji, na rufe sunan kowa, nawa kada a rufe. Sun ce a nuna musu guda. In na tahi, ku ce musu ga ni."

Mun san abin da wannan sanarwa ke iya jawo ma gidan, don mun ga somin-taɓi. Tun ranar da motar likita ta tsaya a ƙofarsu, ga-ruwa ya daina ajiye musu ruwa. Maƙwabta na tsallake kwata su bi ɗaya gefen layi. Rumfar shinkafa da wake da Munawwara ke riƙe wa uwarta kusa da ma'aunin albasa, wadda mu duka munka ci a cikinta, bashi da hannu, wasu sun fara cewa ko ta buɗe ba su zuwa. An yi jana'iza bisa ƙa'idar likitoci, da sahu mai tazara, mutumin da ya tara garin nan a bayan gawarwakin iyayenmu, masu binsa ba su cika sahu biyu ba. Wannan ba mu zargi kowa a kai ba, doka ce, shi da kansa ya yi shelarta. Abin da ba doka ba shi ne a kwana uku ba a aika ko kwanon kunu gidan makoki ba. Wace radiyo ta ce kada a aje tuwo a bakin ƙofa? Da dattawa sunka je neman izini, sunka tsaya daga waje, sunka shaida ma Inna Bara'atu cewa in tana tsoron abin da zai biyo baya haɗaka za ta rubuta gajeruwar jinya kawai ta yi shiru. Daga bayan labule ta ce musu ta zauna da mutumin nan bai taɓa shelar ƙarya ba, ba za a fara a kan gawarsa ba, in rumfar za ta mutu ta mutu.

Rumfar ba za ta mutu ba, wannan mu munka faɗa. An gwada Inna Bara'atu da Munawwara, babu ciwon a jikinsu, suna cika kwanakin keɓewar da likitoci sunka ɗiba musu ne kawai. Inna za ta ci gaba da takabarta a ɗaki, Munawwara kuwa za ta ɗora tukunya ranar kasuwar da ta biyo bayan cikar kwanakin, kuma mai girma shugaba ya ce kwanon farko nasa ne, a kan bencin rumfar zai ci, ba aikawa zai yi a kai masa ba. Dattawa na bayansa, masu dako na bayan dattawa. Ruwa kuma tun jiya dillalai sunka karɓi aikin da kurarsu. Game da ta'aziyya, ba za a shimfiɗa tabarmi a cika layi ba, ba za a yi musafaha ba. Kowace rumfa ta turo mutum biyu ko uku, da kashine a fuska, a tsaya bakin ƙofa, a ɗaga murya a yi gaisuwa don na ciki su ji, a yi fatiha, a aje abin da anka kawo, a ba na baya wuri. Sadakar ukun da anka ɗage da ta bakwai za a raba su gida-gida. 'Yan'uwanmu na Gaya da na Kamba da hanya ta tsare, mun ji saƙonninku a salula, an kunna ma Inna su ɗaya bayan ɗaya, ta ce a gode muku.

Masu cewa ai ga shi nan, mai wa'azin kashine ma ciwon bai bar shi ba, ku saurara da kyau. Ya kamu, gaskiya ne. Amma da ya ji jikinsa ya canza bai ɓuya ba, bai je majalisa ya zauna cikinku yana tari ba, ya raba ɗaki da iyalinsa tun ranar farko, ya aika a kira likita da kansa. Shi ya sa matarsa da ɗiyarsa ke raye lafiya yau. In kuna neman darasi, ga shi nan, kyauta. Muna da yaƙinin garin nan zai ɗauka, don mun san mutanenmu, bakinsu ya fi zuciyarsu kaifi, kuma tun shekaranjiya mun ga waɗanda ke masa tarin ƙarya sun je sun tsaya a layin gwaji suna sunkuyar da kai. Ba mu faɗin sunansu. A wurinsa munka koya.

Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta ma Malam Maigandi, Ya yalwata makwancinsa, Ya sanya ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya karɓe shi cikin waɗanda annoba ta yi wa shahada. Ya ƙarfafa zuciyar Inna Bara'atu da Munawwara da Malam Halliru, Ya ba su juriyar da ta fi wadda sunka riga sunka nuna muna, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya buɗe muna gada da masallatai da hannayen juna, Ya kyautata tamu in ta zo.

Shela ba ta tsaya ba. Haɗaka ta damƙa keken da lasifikar ga Malam Ismaël, dillali a layin Garou, wanda ke jin harsunan uku, kuma ranar kasuwa mai zuwa zai fito daga bakin ma'auni a lokacin da kunka saba. Zai fara da waɗanda sunka warke. Ba zai faɗi gidan kowa ba, kada ma a tare shi. In ya iso adadin waɗanda sunka rasu, zai karanta shi, ya dakata, ya faɗi suna guda, wanda mai shi ya bayar da bakinsa. Duk mai sauran tambaya a nuna masa mutum guda da ya sani, ya zo ya tsaya kusa, don ya ji sosai.

Sa hannu,
Sirajuddeen Abdulhafiz
Kakakin Haɗakar Fatake da Dillalan Albasa ta Kasuwar Malanville
A madadin mai girma shugaba, Alhaji Abdurra'uf Khamis, Sarkin Dillalai