Samfefa Ta Cinye Zanen Yatsuna

Makera, Kaduna

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Sakkwato da zafinta? Ya maigidan da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai bayan nan nawa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Kin san bana na samu kujerar Makka. To, na je yin fasfo, aka ce in ɗora yatsa a kan na'ura. Na ɗora, shiru. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har da guntun da zarto ya rage min, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta juya hannuna ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Na ce kafinta. Ta yi dariya ta ce samfefa ta cinye zanen tas, in bar aiki in dawo bayan wata guda.

Yanzu matarki Ladidi ta kulle shago ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Safe da yamma sai ta mulke min hannu da man kaɗanya kamar amarya. Jiya ta kama ni ina gyara ƙafar benci a ɓoye, na sha faɗa.

Ki sa Inna ta yi min addu'a zanen ya dawo kafin a rufe rajistar maniyyata, don wallahi zuciyata tana can. Ki gaida kowa da kowa. In na'urar ta sake ƙi, ki aiko da gadon aurenki da na haɗa miki in kai musu, zanen yana jikinsa.

Yayanki,
Sale