Gayyar Gonar Baba

Rijiyar Zaki, Kano

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baba da yara. Na ba direban motar Tsanyawa wannan takarda, tunda wayarki kullum a kashe take.

Albishirinki. Jami'armu ta fito da wani tsari: ma'aikaci zai iya ɗaukar hutun mako guda ya je ya yi wa jama'a aikin sa-kai, kuma ba za a taɓa albashinsa ba. Na nema, an ba ni. Niyyata in zo in koya wa malaman firamarenmu kwamfuta. Sharaɗin ɗaya ne, ba a yarda mutum ya yi aikin gidansu da hutun ba, sai na al'umma.

Na ji har yanzu ba a yi wa gonar Baba maimai ba. Ki gaya masa zan turo a ɗauki 'yan ƙwadago.

Ki huta lafiya. Ƙaninki,
Abdulkabir

Gidan Kuka, ta Tsanyawa

Kabiru,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa kuma alhamdulillahi. Ya matarka Tahira da jikin nata?

Kwamfuta! A makarantar da ko wuta babu? Kai dai boko ya gama da kai.

Bari ka ji abin da ba a gaya maka ba. Satin da ya wuce Baba ya kira gayyar maimai. Muka tuƙa tuwo, muka dama fura, aka sayo goro. Waɗanda suka zo, ƙwaryar fura ɗaya ta ishe su har da ragi. Tuwon nan sai gida-gida na bi ina rabawa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba ƙin sa ake ba. Tun da gwiwa ta hana shi sunkuyo, kai kuma ka tare a Kano, babu namijin da ya fita daga gidanmu zuwa gayyar kowa. Mutane ba sa magana, amma suna lura. Da la'asar ya kira ni ya ce daga bana ya bar noma, zai miƙa wa wani gonar. Gonar da Kaka ya sare da hannunsa fa! Wallahi sai da na yi kuka.

Maganar 'yan ƙwadago kuwa, kada ka ƙara. Ba ciyawar ce take cin sa ba.

Sun ce kada ka yi aikin gidanku? To madalla, zo ka yi na mutane. Kowace safiya akwai gayya a garin nan. Fartanya tana nan, ka dai zo da tsofaffin kaya. Sai dai da na ba Baba labarin hutun, cewa ya yi, "Wanda ake biya don ya taimaka, ladan nasa ne ko na mai biyan?" Kai ka san abin da za ka ce masa.

A gaida mutan gida. Yayarki,
Aina'u

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na iso lafiya, sai dai da ƙyar nake riƙe biro, tafin hannuna duk ya yi bororo.

Da zan taho kin tambaye ni yadda na ga makon, na kasa ba ki amsa a gaban Baba. Gaskiya ina jin ƙara ɓata lamarin na yi. Kin dai ji abin da ya faru a gonar Malam Sabiru. Na sunkuya ina ta zuba aiki, ni a dole kada samari su wuce ni, ashe waken da ya shuka tsakanin gero nake nomewa. Sai da na kai ƙarshen kunya na ji yana salati a bayana. Har na bar garin, Mai Wake yara suke kira na. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai dube ni ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini shi ne, kullum da safe ta gefen gonarmu nake wucewa da fartanya a kafaɗa, ciyawa ta kusa shanye geron, Baba yana zaune a gindin kuka. In gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Ranar ƙarshe na so in shiga ko kunya ɗaya in yi, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ka yi wa wurin aikinku alkawari, ka cika."

Tambayarsa kuma har yanzu ba ni da amsarta. Na sha juya ta a raina. In ba don hutun nan ba, da ban zo ba, wannan na sani, kuma yana yi mini ciwo. In ya miƙa gonar, ki sanar da ni, kada in ji a bakin wani.

Allah Ya bar zumunci. Naki,
Abdulkabir

Gidan Kuka

Zuwa ga ɗana Abdulkabir,

Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Aina'u ce take rubutawa, ni nake faɗa.

Bayan tafiyarka ban kira gayya ba. Ranar Laraba na fito na tarar da mutane a gona, duk gidan da ka je sun turo. Sabiru ne a gaba. Ya ce in gaya maka wake ne mai faffaɗan ganye. An gama maimai kafin azahar, yayarka kuma ta sha faɗi-tashi don ba ta shirya tuwo ba.

Gonar tana hannuna bana. Na baɗi ban yanke ba.

In Allah Ya kai mu girbi, zan kira gayya. Na sa ta ranar Asabar, don na ji ba kwa zuwa ofis ran nan, babu kuma wanda zai biya ka.

Allah Ya yi maka albarka.
Mahaifinka