Wainar Turawa a Gonar Bakin Tafki

Adabka, ta Bukkuyum,
9 ga Mayu, 2004.

Zuwa ga ɗana Nuraddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan zamanka. Allah shi tsare ka da sanyin ƙasar Hangari da ake ba mu labari, shi sa albarka ga karatun likitan nan naka. Mu nan sai godiya. Innarka ƙafar na taɓa ta wani lokaci, amma ba ta hana ta faɗa ba. Ƙanwarka Dija ta haihu a Gummi, namiji, an yi suna lafiya. Ruwa bai sauka ba tukuna, ana dai sharar gona. Ka san ban yi boko ba. Malam Tukur na firamare ke riƙe da alƙalami, kuma na gaya mishi abin da na faɗa shi zai rubuta, da daɗi ko ba daɗi.

Shekara uku ke nan da tafiyarka. Takarda bakwai ka aiko gidan nan, na ƙirga, duk da sunan Innarka. Ni kuwa sai can ƙarshe, bayan an gaida kowa har da maƙwabta, a ce a gaida Baba. Ban manta ba. Ban kuma manta ka bar ni ana gobe shuka, ni da gwiwa guda mai aiki. Ran nan a gaban mutane na rantse da Allah, na ce in ka sa ƙafa ka fita, gonar bakin tafki na ba Kamilu ɗan ƙanena Maikuɗi. Ka ji, ka ɗauki jakarka. Tun daga ranar ban ƙara kiran sunanka ba, sai dai in ce yaron nan. To bana Maikuɗi ya zo har zaure sau biyu, ya ce rantsuwa ba wasa ba ce, a nuna wa Kamilu iyaka kafin ruwa shi sauka. Gaskiya gare shi. Na ce mishi ran Juma'a.

Ana nan sai takardarka ta bakwai ta iso. Innarka ta san ba ni zama inda ake karanta ta, sai ta sa Malam Tukur ya tsaya daidai jikin dangar da nike kishingiɗe, ta ce shi ɗaga murya wai kunnenta ya yi nauyi. Matar da ke jin motsin kaza daga bayan rumbu! Nan na ji kun je wani tafki mai suna Balaton, wanda ba a hango ƙarshenshi, ka sayi wata waina mai faɗin faifai da ake soyawa cikin mai, a goga mata tafarnuwa, a zuba kindirmo da cuku bisa. Langosh, in ji Malam Tukur, bayan ya yi tuntuɓe da sunan sau uku. Na ce a raina, an tafi koyon allura an ɓuge da yawon cin waina.

Sai kuma ya zo wurin da ka ce mai suyar ta gaya maka an gwabza yaƙi a ƙasar da ke gefen tafkin, ƙarshen yaƙin Hitila, samari da yawa sunka kwanta a nan, na wannan gefe da na wancan. Ka ce da ka ji haka sai hannunka ya ƙi kaiwa baki. Ka yaga rabin wainar ka miƙa wa wani tsoho da ke zaune bisa benci, ya yi ta kallonka bai gane ba, daga baya ya karɓa. Ka ce haka Baba ke yi a gona.

Nuraddeen, ban san kana kallo ba. Ban taɓa zaunar da kai na gaya maka ba, don lokacin da ya kamata in gaya maka kullum kana makaranta. Gonar nan tamu, kakana ya ce an yi yaƙi a bakin tafkinta tun kafin zuwan Turawa. Ka sha ganin fartanya ta tono kan kibiya, in maida shi in rufe. Ba mu san su wa ke kwance a nan ba, ba mu san ko nasu sun samu labari ba. Shi ya sa duk abincin da anka kawo gona, ba a kai loma sai an fidda rabon mai wucewa, sadaka domin su. Ubana ya yi, na yi. Kamilu kuwa yaro ne mai ƙwazo, ban rage shi da komi ba, amma damina biyu yana taya ni, ko sau ɗaya bai jira ba, kwano na sauka hannunshi na ciki.

Innarka ta ce sai ta yi wainar nan. Ta fara da garin gero, abin ya watse cikin mai. Ta aika Bukkuyum anka sawo fulawa da yis, ta kwaɓa, amma hannunta ya saba da fanke, sai ta zuba sukari, ta kuma daka tafarnuwa kamar mai haɗa maganin tari. Ko awaki sun ƙi ta. Goggonka Marka ta yi dariya har ta riƙe ciki. A karo na uku ta bar sukarin, ta karɓo kindirmo mai kauri a ruga, ta aiko mini gona. Wani Bafillace na wucewa da shanu, na ba shi rabi. Sauran na zauna ƙarƙashin kanyar nan na ci, ina kallon ruwa. Gishiri bai ji ba, kuma ba ta kama ƙafar masar Innarka ba, kar su ruɗe ka. Amma ban bar ko gutsure ba.

Ran Alhamis na iske Liman. Na tambaye shi hukuncin wanda ya rantse cikin fushi, daga baya ya ga barin abin ya fi alheri. Ya ce shi bar shi, shi yi kaffara, shi ciyar da mabuƙata goma. Na tambaya ko wainar Turawa na shiga lissafi. Ya ce shi bai san ta ba, in auna hatsi dai yadda anka saba. Na auna gero mudu goma, na kuma sa Innarka ta soya wainar guda goma, anka kira mutanen bakin tafki. Kowa ya ci, ya ɗauki mudunshi. Maikuɗi ya zo ran Juma'a, na gaya mishi. Ya yi fushi, har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Na ba Kamilu aron gonar tudu, ya karɓa.

Kada ka ɗauka na ce ka yi daidai da ka tafi. Ban ce ba, kuma Malam Tukur shaida ne. Abin da na ce shi ne gonar bakin tafki na nan da sunanka. Zan noma abin da gwiwa ta yarda, saura ta huta har ka zo. In ka tashi aiko takarda ta takwas, ka san sunan da za ka sa a bayanta. Ka kuma tambayi mai suyar nan gishiri nawa take sawa, Innarka ba za ta tambaya ba don girman kai.

Innarka na gaishe ka, da Goggo Marka, da Dija da mijinta. Jaririn ma Nuraddeen anka sa mishi. Ni na yi mishi huɗuba, don haka bakina ya riga ya sake sabawa da sunan. Allah shi yi maka albarka, shi maido mana da kai ina da sauran gani.

Ni ne mahaifinka,
Magaji na Bakin Tafki.