Takalma Biyar a Zaman Shetimari

Tuluz, Faransa, 3 ga Maris, 2001

Yaya Hadjara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. An yi arba'in, har yau ban yi kuka ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Ban san abin da ya same ni ba.

Ranar 20 ga Yuni zan kare kundina na dokta, kuma ba za a ƙara mini lokaci ba. Kin sha tambayata abin da nake yi shekara huɗu. Tambaya ɗaya ce: in mutane suka zauna shawara, taron yana iya gano abin da ba wanda zai gano shi kaɗai? Malamaina biyu ne, ɗaya na falsafa, ɗaya mai koya wa ordinatar, wato kwamfuta, tunani. Na ba ordinatar zama goma sha ɗaya na manoman tattasan Shetimari, waɗanda na ɗauka a kasat a 1997, don ta koyi gane lokacin da baki ya zo ɗaya. Ƙa'idar da na ba ta mai sauƙi ce: wanda bai musa ba ya yarda.

Kundin ya dogara ne kan zaman da suka yanke shawarar kai injin ban ruwa gangaren kogin Komadugu. Mutum goma sha huɗu, har da Baba, ba wanda ya musa. Don Allah ki karɓo mini sunayensu wajen Baba Ari shugabansu, in sa su a shafin godiya.

Ƙanenki,
Ishaƙ

Diffa, 24 ga Maris, 2001

Ishaƙ,

Wa alaikumus salam. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Kukan kuma kar ka matsa wa kanka, ni na yi namu mu biyu.

Ran Asabar da ba na koyarwa a lakwal na shiga mota zuwa Shetimari. Na sami Baba Ari a lambu yana shanya tattasai. Da na karanta masa takardarka, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wai ba wanda ya musa? Ɗan nan kunne gare shi, ido ne ba ya da shi."

To saurara, malam dokta. A zamansu kowa yana tuɓe takalmi a bakin tabarma. Ba a musa wa babba a gaban jama'a, rashin kunya ne. Wanda bai yarda ba sai ya jawo takalmansa ya sa, ya ci gaba da zama bai ce uffan ba. Ran nan mutum biyar suka sa takalmi, Babanmu ne na fari. Baba Ari ya ce kai kana duƙe kan na'urarka da wani abu toshe a kunne, ko tabarmar aka janye ba za ka sani ba.

Kuma injin bai taɓa sauka gangare ba. Baba Ari ya ga ƙafafun nan biyar, ya bar maganar ta mutu. Da ruwan kogin ya zo ya shafe wurin, kai kana Faransa.

Na ji nauyin rubuta maka wannan, amma gara ka ji daga bakina. Sunayen suna bayan takardar nan, na ja layi ƙarƙashin biyar ɗin.

Yayarki nake shirin rubutawa, don na saba da ƴan matan ajina. Allah ya ba da sa'a.

Yayarka,
Hadjara

Tuluz, 19 ga Afrilu, 2001

Yaya Hadjara,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso.

Na ɗauko kasat ɗin na asali na sake ji. Bayan Baba Ari ya gama magana akwai ƙarar ja a ƙasa, sau biyar. Ni da hannuna na goge ta kafin in ba ordinatar, na rubuta a gefe cewa hayaniya ce. Ƙarar tana cikin zama takwas daga goma sha ɗayan.

Na gaya wa malamaina. Na falsafar ya miƙe tsaye don murna, ya ce wannan sabon kundi ne, na shekara uku. Ɗayan ya rufe ƙofa ya ce alƙalan jarrabawa ba za su je Shetimari ba, in yi shiru in karɓi digirina. Shirun na yi, shi kuma ya ɗauka na yarda. Washegari na kai wa sakatariya takardar janyewa. Na fito na sayi burodi na koma ɗaki. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji komai ba.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini, kuma kar ki lallashe ni. Ranar da na karanta wa Baba takardar jami'a a zaure, na ce zan tafi shekara huɗu, bai ce komai ba, ni kuma na yi masa godiya. Idona yana kan takardar. Ke kina bakin ƙofa da butar shayi. Yaya ƙafafunsa suke?

Ki gaida Inna. Kar ki gaya mata zancen digirin tukuna.

Ishaƙ

Diffa, 8 ga Mayu, 2001

Ishaƙ,

Muna lafiya, Inna tana gaishe ka.

Ya sa takalmansa. Tun kana layi na biyu ya sa su. Na gani, Inna ta gani, ba wadda ta gaya maka don shi ya hana.

Kuma da su ya ɗauki akwatinka a ka har tasha, ya ƙi ba kowa.

Ka dawo gida. Baba Ari ya ce akwai wuri a tabarma.

Yayarka,
Hadjara