Kwandon Kawu Tanu

Torino, Maris 1984

Ƙanena Cirino,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Nunzia da yara kuna lafiya. Tulun giyar bana ya iso. Kurɓa ɗaya na yi bakina ya ɗaure, kamar na tauna ɓawon rumman.

Wannan ba jar giyar Baba ba ce. Tasa tana da laushi da ƙamshi. Kaka ɗaya tal ka yi bayan rasuwarsa, har abu ya lalace? Mijina ya ce in yi shiru, amma ka san ni. Ina zargin ka sayar wa 'yan kasuwa inabin saman dutse, ka cika mana ganga da na kwari. In haka ne, a raba gonar, in sayar da rabina.

Yayarka,
Venera

Randazzo, Afrilu

Yaya Venera,

Muna lafiya. Wasiƙarki ta ƙona mini rai. Ke da ko almakashin yankan inabi ba ki riƙe ba tun aurenki, kin zauna a birni kina shari'a da harshe.

Ko ƙwaya ban sayar ba. Kurangun inabin nan ne dai, gangar nan ce dai, sai da ƙanƙara ta kusa sauka na girbe, kamar yadda Baba ke yi. In ɓarawo kike nema, ga maƙwabcinmu Tanu, wanda Baba ya mutu ba sa ga maciji saboda rigimar katangar iyaka. Ranar girbi da asuba na kama shi ya tsallako gonarmu da kwando a kafaɗa. A gaban 'yan girbi na ce masa, "Tsoho, mai gonar ya mutu, amma ya bar ɗa." Ya juya ya koma. Na ja waya a kan katangar.

Wa ya san abin da ya riƙa ɗiba, ko abin da ya zuba mana a ganga?

Ki gai da mijinki mai hankali.
Cirino

Torino, Afrilu

Cirino,

Gaisuwa. Maganar kwandon nan ta tsaya mini a rai. Shigowa yake yi ko fita? Kwandon a cike yake ko wayam? Ka leƙa kuwa, ko bakinka ya riga idonka, kamar kullum?

Ga dalilin tambayata. Ina yarinya, ni ce mai tattaka inabi kafin ka yi wayo. Kowace shekara sai na ga fararen ƙwayoyi sun maƙale mini a yatsun ƙafa cikin baƙaƙen. Na taɓa tambayar Baba, ya ce in taka in daina surutu. Mu ba mu da kurangar farin inabi ko ɗaya, Cirino. A duk dutsen nan Kawu Tanu ne mai tsofaffin kurangun fari. Kuma ka tuna giyarsa tana da ɗan ja-ja, shi da ba shi da baƙi?

Har yanzu ban gama yarda da kai ba. Amma ka hau zuwa gidansa ka tambaye shi, da ladabi.

Venera

Randazzo, Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki. Na hau. Bai fito ba, matarsa ce ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce shigowa yake yi, kwandon cike da fari. Tun kafin a haife mu yake ajiye wa Baba shi a ƙofar ɗakin matse inabi, Baba ya bar masa na baƙi a kan katanga. Ko da suka daina magana, kwandunan ba su daina ba. Farin nan ne ke tausasa giyarmu.

Na ce a ba ni reshe ko ɗaya in dasa. Ta nuna mini gangaren gonarsu. A watan Janairu ya tumɓuke fararen kurangun duka, ya ƙona. Ta ce, "Wai ba zai bar abin da zai sake kai shi gonar wani ba."

Kunya ta ishe ni, Yaya. Na cire wayar. In har yanzu kina son raba gonar, ba zan yi musu ba, amma ki sani giyar Baba ba ta cikin rabina, ba ta cikin naki.

Ƙanenki,
Cirino