Ɗakin Gunkin da Alhaji Tanko Ya Gani

Makka, 9 ga Rajab 1371, bayan la'asar, dawowata ke nan.

Kawu Sule, assalamu alaikum. Yaya ƙafarka, yaya Inna da mutanen gida? Muna lafiya, na kuma kammala makaranta.

Ka rubuto cewa Alhaji Tanko yana cika Kano da labarin ya ga ɗakin gunkin Uzza na jahiliyya a kwarin Nakhla, tsakanin Makka da Ɗa'ifa, har za ka karantar da shi ga ɗalibanka. Don Allah kada ka yi. Na je da kaina, a motar kaya mai zuwa Ɗa'ifa, sannan awa biyu a kan jaki. Na sami bangon da ya siffanta, na auna sau biyu, iyakarsa ƙuguna. Mai jakin ya yi dariya, ya kira ni da sunan da suke kiran mutanen ƙasarmu, ya ce, "Ya Takruri, ubana ya gina wa awakinsa. Duk alhajin da ya dame mu da tambaya, nan muke kawo shi."

Mutum da rawani tuli, bai gane kashin akuya ba!

Har yanzu ban san ainihin wurin ɗakin gunkin ba, ko dutse ɗaya ya saura, ko Alhaji ya ma sauko daga jaki.

A sa ni a addu'a, a gaida Inna. Alhaji kuwa, awakin suna gaishe shi.

Ɗanka, Habibu