Kujerar da Ta Raba Gidan Arvid

Ni Marlys Oftedahl ta garin Norvik, matar marigayi Arvid, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu mai tsaye a kaina. Likita ya gaya mini abin da ya gani a huhuna, na kuma fahimce shi sarai. Da ku biyu nake, Curtis da Darlene. Wendell, kai ma zauna ka ji, tunda kai ke auren 'yata, kuma da kai aka yi komai.

Na farko. Gida da gona da garken shanu naku ne ku biyu, ba za a raba ba. Sharaɗi ɗaya na sa lauya ya rubuta: ba za a ƙara kafa allon ɗan takara a bakin hanyar gidan nan ba, ko na wane ne. Na gaji da ganin sunanmu a kan sanda.

Na biyu. Jikokina ba su san yadda kujerar nan ta shigo gidanmu ba, to ku gaya musu daidai. Lokacin da na zo garin nan ina amarya, mai wakiltar mazaɓarmu a majalisar dattawan jiha wani tsoho ne, Elmer Kittelson. Ya fi shekara ashirin a kai, ba don ya iya komai ba, sai don ya san sunan karen kowa. Duk zaɓe sai ya yi alkawarin gada a kan rafi, duk shekara kuma ƙanƙara na narkewa sai ruwa ya tare motar madara. Ranar da ubanku ya tuttular da madararsa a rami don mota ta kasa tsallakowa, ranar ya ce zai tsaya takara. Da ƙyar ya ci, sai da aka sake ƙirga ƙuri'u. Elmer ya zo har ƙofar gida ya miƙa masa hannu, ya ce, "To Arvid, daga yau kai za a riƙa zagi bayan an tashi coci." Ubanku ya yi wa'adi huɗu. Ba waliyyi ba ne, akwai ƙuri'un da ya kaɗa a majalisa da na ji kunyarsu. Amma gadar tana nan. Daga baya aka sake shata iyakar mazaɓu, aka haɗa mu da sababbin unguwannin bayan birni, mutanen da ba su taɓa riƙe hantsar saniya ba, wani dillalin motoci ya kayar da shi. Washegari ubanku ya zura takalmin roba ya shiga garke. Ban ji ya zagi kowa ba.

Na uku, kuma naka ne, Curtis. Da dillalin nan ya sauka, kai da Wendell kuka nemi tikitin jam'iyya ɗaya. Ban hana ba, na ɗauka manya ne ku. A lokacin ubanku yana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta cinye shi, ni kaina ya daina gane ni. Wata safiya na je kai masa wankakkun riguna, na tarar an sa masa kwat, an ɗaura masa taye a wuya, an haska masa fitilu a fuska, wani na riƙe da kyamara. Ka tare ni a ƙofa ka ce, "Mama, yanzu za mu gama." Ka durƙusa gabansa kana cewa, "Baba, ka ce Curtis ne magajina. Sake faɗa, Baba. Ɗaga kai." Kuka yi ta maimaita masa kamar aku har ya faɗa yadda kuke so. Da kuka naɗe kayanku kuka fita, ya kamo hannuna ya ce, "Baiwar Allah, wane ne wannan? Mai karɓar haraji ne?" Kullum da yamma ana nuna abin a talabijin, maƙwabta suna ce mini Arvid ya yi kyau, ni kuwa sai in kashe talabijin ɗin. Saboda haka kwat ɗinsa da hotunansa na majalisa na ba ɗakin karatu na gari, da sharaɗin kada a ara wa kowa. Kai na bar maka takalminsa na roba. Yana rataye a bayan ƙofar garke.

Na huɗu. Darlene, kada ki yi murmushi, naki ya fi ci mini rai. Gail matar yayanki ta yi fama da giya, ta je aka yi mata magani, ta warke. A kicin ɗina ta faɗi maganar tana kuka, ke kika kai ta asibitin a motarki. Ana gab da zaɓen fid da gwani sai ga takarda daga mutanen Wendell a akwatin wasiƙar kowane gida a mazaɓar nan, da hoton kwalba, da sunanta. Na kira Wendell, ya ce, "Mama, siyasa ce, kowa haka yake yi." Na ce masa ban haifi kowa ba, mutum biyu na haifa. Ke kuwa kina gefensa ina jin numfashinki a waya, ba ki tsawata masa ba. Tun daga nan Gail ta daina zuwa coci, cefane ma a wani gari take yi. Zoben aurena nata ne. Ke za ki kai mata shi da ƙafarki, ke kaɗai, kafin a binne ni, ki tsaya a ƙofarta ki nemi gafara. Idan ta rufe miki ƙofa, ta yi daidai, ki koma.

Na biyar. Curtis, ka ci zaɓe, kujera ta dawo gida, na ce ko za a huta. Sai aka yi ƙidaya aka zo sake shata iyaka, kana cikin kwamitin. Na ga sabuwar taswirar a jarida. Layin ya biyo titi ɗoɗar tun daga rafi, da ya iso gidan ƙanwarka sai ya lanƙwashe ya kewaye shi, ya dawo kan titi ya ci gaba. Gida ɗaya tak aka fitar daga mazaɓar, don kada Wendell ya ƙara tsaya maka. Na tambaye ka, ka ce, "Mama, kwamfuta ce ta zana." Na ce, "Ashe kwamfutar ta san gidan Darlene." A shagon aski suna kiran wurin hancin Wendell, suna dariya, da mu suke. Ba ni da ikon gyara taswira. Amma ka sani, a zaɓen da ya wuce na je rumfa da sandata, na zaɓi kowa har mai kula da magudanan ruwa, na bar gurbin sanata fayau.

Na shida. Ranar jana'izar ubanku ina kallonku, kai Curtis a wannan ƙofa, Wendell a waccan, kuna gaisawa da mutane kuna tambayarsu unguwarsu. Jawabinka ya fara da Baba ya ƙare da haraji. A tawa fasto kaɗai zai yi magana. Idan jam'iyya ta aiko furanni, a mayar.

Ban san ko za ku ji ba. Ina raye ma ba ku ji ba. Amma 'ya'yanku sun girma suna wuce juna a makaranta kamar baƙi, su kuwa ba su tsaya takarar komai ba. Kujerar nan ta ga bayan Elmer, ta ga bayan ubanku, za ta ga bayanka, Curtis, kuma ranar da ka faɗi wayarka za ta yi shiru, sai ƙanwarka in ka bar mata hanya.

Allah ya yi muku albarka, ku da Gail da Wendell da jikokina. Ina fushi da ku, kuma nawa ne ku, duka biyun gaskiya ne. Ranar bikin godiya na shekara-shekara ku taru a gidan nan, kowa da iyalinsa, ko da ba za ku yi wa juna magana ba. Wanda ya riga isowa ya kunna murhu ya ɗora kofi.

Uwarku,
Marlys